Tantin da Muka Kai wa Inna Dije

Tun da na dawo ban yi cikakkiyar awa guda a kan keken ɗinki ba tare da wata ta leƙo shago ta tambaye ni labarin Nijar ba. Wata hanya take son ji, wata abinci, wata kuwa tantin nan da suka ga na kafa a tsakar gidanmu kafin mu tafi take son sanin abin da ya zama. Ina ba kowa guntu-guntu, almakashi a hannu, har na lura labarin ya fara juyewa a unguwa, ana ƙara masa abin da ban faɗa ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in ba da shi sau ɗaya, daga farko, yadda ya faru.

Sunana Memuna. A unguwar Moshi Zango ta Kumasi aka haife ni, nan na koyi ɗinki, nan na yi aure. Mahaifiyata, wadda duk unguwa ke kira Mma Sala, ba 'yar nan ba ce. Daga wani ƙauye ta fito da ake kira Tungar Liman, a ƙasar Gaya, can kudancin Nijar. Shekara arba'in da ɗaya ke nan da Baba ya kawo ta Kumasi, kuma sau ɗaya tak ta taɓa komawa, tun ba a haife ni ba. Baba ya rasu da daɗewa. A cikin waɗanda suke ciki ɗaya da ita, saura mutum guda, yayarta Inna Dije. Ban taɓa ganinta ba, muryarta kawai na sani a waya.

A tsakiyar damina ne 'yar Inna Dije, Balki, ta aiko da saƙon murya. Ta ce ruwa ya shiga garin, ɗakunan laka sun zube ɗaya bayan ɗaya, nasu har da rumbu. Mutane sun koma makarantar boko da ke kan tudu, iyali biyar ko shida a aji guda. Inna Dije kuwa da ma ɓarin jikinta ya shanye tun bara, an kwantar da ita a wani lungu na ajin, kuma tun da aka ɗauko ta cikin ruwa ba ta sake cin abincin kirki ba. Mma ta saurari saƙon sau uku. Da ta ajiye wayar ta ce za ta tafi.

Wana Abdul ya ce a aika da abin da ya samu, ya fi amfani, gwiwoyinta ba za su ɗauki wannan hanya ba. Mma ba ta yi masa musu ba. Ta ce shekara da shekaru tana aike, wannan karon kanta za ta kai. Da muka ga ba ta da niyyar sauya magana, mijina ya ce in raka ta, ƙanwarsa za ta kula da yara. Na kira Balki na tambaye ta inda za mu sauka. Ta gaya mini gaskiya: babu. Ta ƙara da cewa su ma an gaya musu da zarar an koma karatu za su bar ajin.

Wata nas da nake wa ɗinki ce ta kawo maganar tanti. Ni kanopi na sani, irin wanda muke haya ranar suna ko zaman makoki, rufi ne kawai a kan ƙarafa. Ta ce a'a, akwai wanda yake ɗaki sosai, da ƙofa da daɓe, in je kasuwar Adum in duba. Abin da ke hannuna shi ne ɗan abin da nake tarawa don sayen keke mai lantarki. Na ƙulle shi a bakin zane, na jefa tef ɗin awo a jaka bisa al'ada, na hau trotro, motar hayarmu ta cikin gari.

Shago uku na shiga kafin in kai na wani dattijo Ba'asante da maƙwabtansa ke kira Wofa. Yana jin Hausa kaɗan, ina jin harshensu, Tuwi, sosai, muka haɗa. Ya sauko mini da wani sabo a kwali, farashinsa daidai ƙarfina, ya nuna mini hoton da ke jiki: mutum huɗu a kwance. Har na ji daɗi, tunda mu biyu ne. Amma aikina ya koya mini kada in yarda da lambar da aka rubuta a wuyan riga. Na ce ya buɗe. Ya ɗan ɓata rai, amma ya kafa shi a lungun bayan shago. Na ja tef. Faɗinsa inci tamanin da ɗan ɗoriya. In aka raba wa mutum huɗu, kowa ya sami inci ashirin, wato faɗin kafaɗar mace guda, ba juyi, ba wurin jaka, ba wurin buta. Tsayinsa kuwa a ƙirjina ya tsaya, ƙofar sai da rarrafe.

Na ce masa uwata ba ta iya durƙuso, a kan kujera take sallah, kuma akwai marar lafiya da sai an ɗaga ta an juya ta. Sai ya daina yi mini maganar 'yan kasuwa. Ya ce duk lambar da na gani a kwali in cire biyu, abin da ya rage shi ne gaskiya, in kuwa zama za a yi ba kwana ɗaya ba, in raba ta biyu. Ya nuna mini na mutum takwas, sabo, dogo, mai kyau. Da ya faɗi kuɗinsa ban ko taya ba.

Na juya zan tafi ya ce in dakata. Ya shiga ciki ya jawo wata doguwar jaka mai ƙura. Na hannu ne, wasu ma'aikatan awon fili suka yi amfani da shi suka sayar masa. Kore ne mai duhu. Zif ɗin ƙofar yana cijewa, kuma akwai yagewa kamar taƙi guda a rufin sama. Bai ɓoye mini ko ɗaya ba. Da muka kafa shi na shiga a miƙe, na ɗaga hannuwa kamar mai kabbara, ban taɓa sama ba. Rufinsa biyu ne, na ciki mai raga saboda sauro da iska, na waje don ruwa. Daɓensa leda ce mai kauri da aka ɗinke ta hau bango kamar taƙi guda, don kada ruwan ƙasa ya shigo. Sandunan ƙarfe ne, ba irin na roba masu tsagewa ba. Aibinsa nauyi, da ƙyar nake ɗaga shi ni kaɗai. Na yi tunanin yagewa da zif aikina ne, amma ƙaramin tanti ba abin da allurata za ta ƙara masa. Na saya.

A gida na sauya zif, na yi wa yagewar faci. Muka kafa shi a tsakar gida, na sa Abdul ya hau benci ya yi ta kwara masa ruwa da bokiti. Matan gidan suka fito suna dariya, wata ta ce Memuna ta zama soja. Mma ta dogara sandarta ta shiga ba tare da ta sunkuya ba, ta sa aka kai mata kujerarta, ta zauna ta dubi kusurwa huɗu. Ta nuna gefen dama ta ce nan Yaya za ta kwanta. A lokacin na gane ba don kanta take duba shi ba.

Ranar Talata bayan asuba muka shiga mota a unguwar Aboabo. Rigimar farko da masu lodi na yi ta, don sun so ɗora huhunan goro a kan jakar tantin, ni kuwa na san in sanda ɗaya ta lanƙwashe an gama. Mai goron ce da kanta ta sa baki aka mayar da jakar sama. Sunanta Hajiya Zali, 'yar Gaya ce, ta fi shekara ashirin tana bin wannan hanya. Ta zauna kusa da mu, kuma daga nan har kogi ita ce idonmu. Ita ta gaya mini in ajiye katin shaida da katin rigakafi a inda hannu zai kai da sauri, ita ta nuna mini wurin wanda zan canja sidi zuwa sefa.

Mun wuce Taciman, mun tsaya Kintampo mun ci soyayyar doya. Bayan Tamale muka karkata gabas ta Yandi, hanyar ta lalace, kowane rami sai na ga Mma ta runtse ido. Mun isa Tatale an riga an rufe iyaka, muka kwana a barandar wani masallaci tare da sauran mata. Da safe muka shiga Togo, nan na zama kurma. Ni da nake alfahari da harshe uku, sai ga jami'i yana mini magana da Faransanci ina kallon bakinsa. Hajiya Zali ce ta amsa mana. A Kara na sayi fufu ina tsammanin irin namu na rogo da ayaba, sai na tarar da zallar doya, fara fat, ba ta da danƙon da na saba. Mma kuwa ta cinye nata, ta ce wannan ya fi sauƙi a ciki.

Da la'asar muka shiga Benin, muka sauka Jugu. Hajiya Zali ta kai mu gidan da take sauka a zangonsu. Abin ya ba ni mamaki, kamar an ɗauko wani lungu na Aboabo an ajiye: allunan makarantar yara a jingine, mai koko a bakin ƙofa, tsofaffi a kan benci. Sai dai Hausarsu ta fi tamu tsauri, ba sa cakuɗa ta da komai. Da na ce wa matar gidan ta ba ni "rɔba" in zuba ruwa, sai ta kawo mini kwanon roba, ashe abin da nake nufi leda ake ce masa a wurinsu. Ta dafa mana wagashi, wani jan cuku, a cikin miya, ta ƙi karɓar komai da ta ji dalilin tafiyarmu. Fetur kuwa a manyan kwalabe ake sayar da shi a bakin titi, gab da masu suya, ba wanda ya damu sai ni.

Bayan Kandi ne koren tantin ya kusa jawo mana magana. Sojoji sun tsare hanya, saboda yankin ba lafiya, akwai masu bindiga a daji. Aka sauke kaya. Da wani soja ya buɗe jakar ya ga launin da sandunan ƙarfe, fuskarsa ta canja. Ya tambayi mai ita. Na fito. Yana tambaya, Hajiya Zali tana fassara: wa zan kai wa, me mace za ta yi da irin wannan. Na ba da amsa, amma na ga bai gamsu ba, kuma gaskiyarsa, aikinsa yake yi. Sai Mma ta sauko daga mota da sandarta. Ta dube shi ta yi masa magana da wani harshe da ban taɓa jin ya fito daga bakinta ba. Dendanci ne, harshen mutanen bakin kogi. Ta yi maganar a hankali, ta ɗan daɗe. Sojan ya saurara, ya amsa da kalma biyu, ya rufe jakar da hannunsa, ya taimaka mata ta hau mota. Da muka tashi na tambaye ta me ta ce. Ta ce ta gaya masa yayarta na kwance a gaban maza ba labule, ta tambaye shi ko yana da uwa. Na zauna ina kallon gefen fuskarta. Shekara talatin da shida ina tare da matar nan ban san tana da wannan harshe ba.

Malanbil ita ce gari na ƙarshe kafin Nijar, kogin Kwara ne ya raba su da Gaya. An rufe gada, sai a kwalekwale ake hayewa. Mun isa da la'asar sakaliya, hadari ya haɗo, masu jirgi suka ce ba wanda zai shiga ruwa sai gobe. Bakin kogin cike yake da mutane da kaya, rumfunan da ke wurin duk sun cika. Nan na fara kafa tantin don bukata. Na tarar na bar guduma a gida, sai da dutse na buga turakun, kuma yashi ne, ina bugawa iska tana tuge su. Hajiya Zali ta sa aka jawo huhunan goronta huɗu muka ɗaure igiyoyin a jikinsu. Muna gamawa ruwa ya sauko. Mu uku muka shiga, amma ba a iya kallon mace da jariri a cikin ruwa a ja zif. Kafin magariba mun zama mata bakwai, a zaune, da kayanmu a tsakiya. Wuri ɗaya ne ya yi ɗigo, daidai facin da na yi, don ruwa yana bin ramin allura, abin da bokitin Abdul bai nuna ba. Da gari ya waye Hajiya Zali ta ba ni guntun kyandir na goga a kan ɗinkin ciki da waje. Bai sake ɗigo ba.

Maza biyu ne suka ɗauki Mma suka sa ta a jirgi. Ruwan ja ne, ya cika ya batse, ni na riƙe gefen jirgin ina ta salati. Mma ta sa hannu a ruwa ta shafa a fuska. A Gaya muka yi sallama da Hajiya Zali, ta ba Mma goro ta ce a kai wa marar lafiya. Mijin Balki, Malam Isuhu, shi ya tarye mu. Mota ta kai mu inda hanya ta yanke, daga nan sai amalanken shanu. Mma tana ta waiwaye tana neman abin da ta sani. Ta tambayi wata tsamiya, ya ce ta faɗi. Ta tambayi rijiyar bakin gari, ya ce tana ƙarƙashin ruwa. Daga nan ba ta ƙara tambaya ba.

Ajin da suke ciki na fara jin warinsa kafin in gan shi: hayaƙi, jiƙaƙƙen kaya, mutane da yawa. An tura tebura gefe, kowane iyali ya shata wurinsa da buhuna. A can lungu an rataya zane ɗaya a igiya, bai ma kai ƙasa ba. Bayansa Inna Dije take. Na zaci za a yi kuka da rungume-rungume irin namu na Zango, inda in baƙo ya sauka sai unguwa ta ji. Ba a yi ba. Mma ta sa aka zaunar da ita a ƙasa, abin da ta yi shekara biyar ba ta yi ba, ta kama yayarta ta hannun da bai shanye ba. Suka fara gaisuwa, ina gajiya, ina gida, ina yara, ina ruwa, kamar jiya suka rabu. Sai da gaisuwar ta ƙare Inna Dije ta dube ta da kyau ta ce da bakinta da ya karkace:

"Sala, kin tsufa."

Mma ta ce, "Na daɗe a hanya, Yaya."

Balki ce ta fita waje da sauri, na bi ta.

A ranar muka kafa tantin a ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya a gefen makarantar. Malam Isuhu da maƙwabtansa suka haƙa masa lambatu kewaye. Aka samo gadon kara aka shimfiɗa a gefen dama, maza huɗu suka ɗauko Inna a kan tabarma suka shigo da ita ta ƙofar ba tare da an lanƙwasa ta ba. Da suka fita na ja zif. Abu na farko da ta roƙa shi ne wanka. Balki ta gaya mini tun ranar ruwan ba a yi mata na sosai ba, sai dai a goga mata tsumma a ƙarƙashin zane, saboda idon mutane. Muka zaunar da ita a babban baho, ni na tallafe ta ta baya, Balki tana zuba ruwa, Mma a kan kujera tana cuɗa mata kai da sabulun da ta taho da shi daga Kumasi. Mu huɗu da baho da bokiti biyu, kuma akwai wurin juyawa. Da aka gama aka shafa mata mai aka sa mata sabuwar rigar da na ɗinka. Ta sha fura rabin ludayi ta yi barci.

Ban ce tantin ba shi da wahala ba. Da rana ta take yakan zama kamar tanda, sai da Malam Isuhu ya kafa sanduna ya shimfiɗa zana a samansa, muna kuma ɗage gefen rufin waje iska ta ratsa ragar. Awaki sun tauna igiya ɗaya. Abinci kuwa ya yi mini wuya. Mu da muka saba da wake da shinkafa da shito, baƙin yajinmu, tun da safe, nan fura ce safe da rana, da yamma tuwon gero da miyar kuka, wani lokaci dafaffen zogale da ƙuli. Kwana uku cikina yana ƙugi. Amma mutanen da ruwa ya cinye musu rumbu ne suke aiko mana da ƙwarya, kowace rana daga wani gida, kuma in na yi godiya da yawa sai su ji kunya.

Kwana tara muka yi da Inna Dije. Yawancin lokaci ita da Mma suna hira ƙasa-ƙasa, rabi Hausa rabi Dendanci, suna kiran sunayen mutanen da duk sun mutu. Wata rana da yamma na ji Mma tana neman gafararta, cewa ba ta zo ba lokacin da mahaifiyarsu ta rasu, ta bar ta da jinya ita kaɗai. Inna ta ce ta riƙe abin a rai shekaru, ba za ta yi ƙarya ba, amma ya daɗe da fita. Ni ma ta kira ni ta shafa fuskata da hannunta, ta ce goshin kakata ne da ni. Likitan da ke zagaya ƙauyukan ya zo sau ɗaya, ya duba ta, ya ba da magani, ya ja Malam Isuhu gefe. Da na ga yadda suka tsaya na san abin da ya faɗa.

Ranar Lahadi da hantsi Inna ta cika. Mma tana riƙe da hannunta tana maimaita mata kalmar shahada, Balki tana ɗiga mata ruwa a leɓe. Ba wanda ya yi kururuwa. Mma ta rufe mata ido ta ce in kira Isuhu.

Matan da za su yi mata wanka suka zo, tsofaffi biyu. Suka dudduba suka ce wurin ya yi, sai dai ina ruwan zai bi, tunda daɓen leda ne da ya hau bango. Al'adarsu a haƙa rami a ƙarƙashin inda za a yi wankan, ruwan ya shige ƙasa a binne. Na tsaya ina kallon daɓen nan da na zaɓi tantin saboda shi. Sannan na ɗauko almakashina na durƙusa na yanka shi ta gefe uku, na naɗe ledar. Aka haƙa ramin, aka gitta itace. Suka shiga su biyu da Balki da Mma, aka ja zif. Ni na zauna a waje a gindin bishiyar da farin yadi a cinyata, na ɗinka likkafanin da hannu. Na ɗinka kayan amare ba adadi, na ɗinka na jarirai, amma ban taɓa ɗinka wannan ba. Wata tsohuwa ta zauna kusa da ni tana nuna mini, ta ce kada in ƙulla zaren a ƙarshe.

Kafin azahar an kai ta. Zaman makokinsu ba irin namu ba ne. Ba kanopi, ba kujerun haya, ba lasifika, ba shinkafa a ƙananan robobi. Tabarmi ne a ƙasa, mutum ya zo ya zauna ya yi addu'a, a ba shi gumba, ya tashi. Mata suna shigowa tantin su gaishe da Mma, don ita ce babba yanzu. Na ga tsofaffin da suka yi wasan ƙasa tare da ita suna kiranta da wani suna na yarinta da ban taɓa ji ba.

Bayan addu'ar bakwai na cike ramin, na mayar da ledar na ɗinke, na bi ɗinkin da kyandir. Na fara haɗa kayanmu. Mma tana zaune tana kallona, sai ta ce in raba, in bar nata. Na ɗauka ban ji daidai ba. Ta ce an buɗe makaranta, Balki da 'ya'yanta mata uku ba su da wurin kwana sai nan, ɗaki kuwa ba zai ginu ba sai ruwa ya ɗauke an buga tubali. Na ce to mu bar musu tantin mu tafi. Ta ce ba tantin kaɗai Balki ke bukata ba. Na kawo maganar gwiwa, na kawo maganin hawan jininta, na kawo Abdul da jikokinta. Ta ce magani ana samu a Gaya, Abdul kuwa yana da mata. Na yi kuka, na yi fushi, har na kira Abdul ya yi mata magana, ta saurare shi har ya gama ta sa masa albarka ta miƙo mini wayar. Na tambaye ta yaushe za ta dawo. Ta ce in an gama ɗakin za ta gani.

Ranar da zan taho, da sassafe, ta ce za ta taka mini. Malam Isuhu ya tafi gaba da amalanke, mu muna binsa a hankali, tana dogara sanda da hannu ɗaya, ɗayan a kafaɗata. Da muka fita bayan makarantar ta karkata da ni hagu, zuwa wani tudu mai ƙayoyi. Maƙabarta ce. Mata ba sa shiga, muka tsaya daga nesa. Ta nuna mini sabon kabarin da sanda, ta ce na kusa da shi wanda ya shafe na mahaifiyarsu ne, na gaba na mahaifinsu. Muka yi musu addu'a. Ba ta sauke sandar ba sai da ta nuna filin da ya rage a gefen yayarta.

A bakin hanya ta gyara mini mayafi kamar ranar da aka kai ni gidan miji. Ta ce:

"Muna, ki buɗe ido a hanyar nan. Ki riƙe sunan kowane gari da inda ake sauka. Wata rana ke kaɗai za ki zo, ba mai yi miki magana da soja."

Na hau amalanke. Ba ta tsaya ta ga tafiyata ba, ta juya tana takawa a hankali. Na zaro takardar da nake rubuta awon mutane da biro daga jaka, na rubuta Tungar Liman a sama. Da muka isa Gaya na rubuta Gaya a ƙarƙashinta, haka na yi ta yi gari bayan gari har Aboabo.